Kano ta shiga waya, amma har yanzu da taransifoma muke kwatance

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra daga cikin ɗakinta, a wata unguwa can bayan Ɗorayi. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofar gida. Da safe za ta jera kwalabe a kan dadduma ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp. Kafin azahar wata daga Hotoro ta yi magana, an yi ciniki, an turo kuɗi, alat ya shigo. Duka-duka bai fi minti goma ba. To daga nan ne aikin yake farawa. Ran nan ina zaune a tsakar gidan ina shan kunun aya, na ji ta da yaron da zai zo ɗaukar saƙon a babur.

"Kana ina yanzu?"

"Anti, ga ni a gidan man da kika ce."

"To ka shigo layin da yake kallonsa, ka miƙe sai ka ga taransifoma. Ka bar ta a hagunka. Za ka ga masallaci mai koren fenti."

"Anti, masallatai biyu ne a nan, kuma duk koraye ne."

"Wanda mai shayi yake gefensa. Ka ce masa gidan mai turare."

Mai shayi kuwa ya kulle tebur ya tafi sayo burodi. Sau shida aka kira juna. Ƙarshenta ɗanta mai shekara tara aka tura bakin titi ya tsaya cikin rana yana ɗaga hannu. Kuɗin ya taso daga Hotoro zuwa Ɗorayi kafin ƙiftawar ido, kwalba biyu kuma sai bayan la'asar suka isa.

Na kawo wannan ne saboda duk taron da aka kira a garin nan a kan fasahar zamani, magana ɗaya ake juyawa: wai a wayar wa jama'a da kai, a koya musu shiga zamani. A haska hoton Dubai a bango, a haska na Kigali, a yi tafi, a raba ruwan roba a watse. Ni kuwa a ganina an juya wa maganar baya. Talakan Kano ya daɗe da shiga. Tun da wayar hannu ta zo a 2001 ba wanda ya shirya wa Bakano bita kafin ya karɓe ta. Ka je kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut ka ga yaron da bai gama sakandare ba ya kwance waya ƙwaya-ƙwaya, ya ɗora ta a ƙarƙashin fitila, ya gano inda ta ƙone. A Kantin Kwari ɗan kasuwa daga Maraɗi ko Njamena yana zaɓen atamfa ta bidiyo, ya turo kuɗi, a ɗaure masa dila a kai tasha. Sannan wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta ƙarasa aikin da babu wata hukuma da ta isa ta yi: mai kayan miya ya rubuta lambar asusu a jikin kwali ya jingina da kwandon tumatir, mai rake ma haka, har almajiri ka ji yana cewa a tura. Yau ko wane lungu ka shiga akwai mai POS a ƙarƙashin lema.

Wanda aka bari a baya shi ne birnin kansa. Kano ba ta san kanta ba. Ba ta san gidaje nawa ne a cikinta ba, ba ta san sunan yawancin layukanta ba, ba ta da littafi guda da mutum zai buɗa ya ga wannan fili na wane ne, wancan kuma hanyar ruwa ce. Ƙidayar da muke dogaro da ita har yau ta 2006 ce, wadda ta ba jihar mutum miliyan 9.4. Jaririn da aka haifa a shekarar yanzu ya isa aure. Babban tsarin birnin da masana suka fi ambato, wanda Baturen nan Trevallion ya jagoranta, an yi shi ne don shekarun 1963 zuwa 1983. Tun daga nan garin ya cika ƙananan hukumomi takwas, Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, yana kuma leƙawa cikin gonakin maƙwabta. Inda muke zuwa cin mangwaro muna yara, yau gidaje ne ba masaka tsinke. Ga masu gudun tashin hankali daga Borno da Yobe, daga baya kuma daga Zamfara da Katsina, kowa Kano ya nufa, domin nan ne ake sauka ko ba ka san kowa ba ka samu abin yi. Duk wanda yake maganar farfaɗo da Arewa, ko ya sani ko bai sani ba, maganar garin nan yake yi. Amma yawancin wannan faɗaɗa da igiya aka auna ta. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, a bar ɗan siririn lungu da ƙyar adaidaita zai wuce, ba filin makaranta, ba maƙabarta, ba magudanar ruwa. Shi ne awon igiya, kuma a cikinsa mafi yawanmu muke kwana.

Ni ma na ɗanɗana. Shekarun baya na tara ɗan abin da na tara, na sayi fuloti a gefen gari ta hannun wani dillali. Aka rubuta takardar ciniki, shaidu suka sa hannu, aka yi fatiha, na ba da na goro. Na sa aka zuba mini yashi tifa ɗaya don a san da mai shi. Bayan damina na koma na tarar da bulo a tsaye har layi huɗu, ga magina suna kwaɓa siminti da yashina. Wanda ya sa su aiki dattijo ne mai mutunci, ɗan fansho. Ya shiga mota ya ɗauko tasa takardar a cikin leda. Fili ɗaya, mai sayarwa ɗaya, tasa ta girmi tawa da wata biyar. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni da kai duk an cuce mu, kada mu ƙara da faɗa." Da muka samu dillalin, abin da ya ce shi ne, "Alhaji, a yi haƙuri, kuskure aka samu wajen lissafin turaku." Shekara biyu ina karɓar kuɗina gutsure-gutsure, lokacin da suka cika ko rabin fuloti ba za su saya ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ranar da zan biya kuɗin nan da waya a aljihuna, da intanet a cikinta, ina iya duba farashin dala da sakamakon ƙwallon Ingila, amma babu inda zan latsa in ga ko an taɓa sayar da filin da nake tsaye a kansa.

Tunda Kigali ake yawan nuna mana, bari mu dube ta da kyau, ba hoton fitilunta kawai ba. Ruwanda ta fito daga kisan ƙare dangi na 1994, inda aka hallaka mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Mutane suka gudu, wasu da suka daɗe a gudun hijira suka dawo, gona ɗaya masu ita uku. Abin da ya fi jan hankalin masu taronmu shi ne jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline da suka fara kai jini asibitocin karkara a 2016, da shafin Irembo da aka buɗe a 2015, wanda mutum zai nemi takardar haihuwa ko ta aure ta waya ba tare da ya je ya yi layi ba, da katin da ake dangwalawa a shiga bas. Ba a cika faɗa mana aikin da ya riga waɗannan ba, domin ba shi da kyan hoto. Tsakanin 2009 da 2013 sun bi ƙasar gona-gona, gida-gida, suka shata filaye sama da miliyan 10. Hoton da aka ɗauka daga sama aka buga a manyan takardu, aka horar da matasan kowane yanki, su je da hoton, a tara mai fili da maƙwabtansa a nuna iyaka kowa yana gani, a zana. Sannan a kafe sakamakon a bainar jama'a, mai ƙorafi ya zo ya faɗa kafin a ba da takarda. A 2012 kuma suka bi titunan Kigali suka sa musu lamba, kowace gunduma da haruffanta. Sai da ƙasa ta shiga littafi, sannan littafin ya shiga kwamfuta, sannan aka ɗora sauran a kai. Mu kuma so muke mu fara daga rufi.

Kada a ce mini ai su ƙaramar ƙasa ce. Ruwanda gaba ɗayanta murabba'in kilomita dubu 26 ce da 'yan kai, jihar Kano kuma wajen dubu 20. Ƙidayarsu ta 2022 ta ba su mutum miliyan 13 da ɗoriya. Kusan sa'o'in juna ne mu da su. Ranar tsaftarsu ma, wadda suke kira Umuganda, Asabar ɗin ƙarshen wata ce, daidai da tamu. Bambancin, su fita suke yi su yi aiki, mu kuma barci muke ƙarawa har ƙarfe goma a buɗe hanya.

Sai dai ba duk abin da ke Kigali nake mana sha'awa ba. Tsaftar titunan nan da ake yabo akwai waɗanda suka biya kuɗinta da jikinsu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha rubutu a kan cibiyar Gikondo, inda ake kwashe masu talla da mabarata da yaran titi a tsare. A 2022 an tashi mutanen unguwar Kangondo aka kai su Busanza, da yawansu suna kukan ba su yarda da abin da aka ba su ba. Kuma ƙasa ce da ba kowa ke iya buɗe baki ya soki shugaba ba. Kano garin tebur ne da baro da tire a ka. Ranar da aka share masu talla daga titi don a burge baƙi, an share abincin gidaje dubbai. Kuma ba zan ba da 'yancin da Bakano yake da shi na shiga gidan rediyo da daddare ya caccaki gwamna, gobe ya fito kasuwa lafiya lau, a musaya mini da titi mai furanni ba. Littafin filayen nake so mu ɗauko, ba sandar ba.

Abin mamakin ma, mun taɓa yin irin wannan aiki a nan, da hannunmu. Wa ya manta rubutun alli a jikin ƙofofi da bangwaye? Masu rigakafin shan inna ne suke yi, su rubuta lamba da kwanan wata da alamar ko an samu yaran gidan ko a dawo. Ba alli kaɗai ba ne. A shekarun da aka matsa wa cutar lamba, an yi amfani da hoton tauraron ɗan Adam aka zana taswirar mazaɓu da ƙauyuka da rugage, aka ba ayarin masu rigakafi wayoyin da suke nuna duk inda suka taka, da yamma a duba a ga lungun da aka tsallake a koma. Ƙungiyar eHealth Africa da ta yi fice a wannan aiki a nan Kano take zaune. Yaro na ƙarshe da cutar ta asali ta kama a jihar nan a Sumaila ne, a 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana an rabu da ita a nahiyar. Wato da aka ga dama, an san kowane lungu, an san gida nawa ne a cikinsa, an san mai unguwar da za a yi wa sallama. Matan da suka yi yawon nan cikin hijabi da akwatin ƙanƙara suna nan da ransu. Me ya hana a yi wa fili da magudanar ruwa abin da aka yi wa ɗigon magani?

Na san amsar, kowa ma ya sani. Duhun da ke cikin harkar fili abinci ne ga wasu. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma tun daga nan fuloti ya zama abin sallamar 'yan siyasa. A yanka gefen makaranta, a yanka jikin badala, a cike kududdufi a fitar da shaguna. Kududdufan nan da muke rainawa su ne suke shanye ruwan birni tun zamanin da ake haƙar ƙasar gini a cikinsu. Da aka cike su ruwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya nemi ɗakin wani. A watan Agustan 2022 muna gani ruwa ya shiga Kantin Kwari, 'yan kasuwa suka yi ta fito da dilolin yadi suna shanyawa a titi, kuma bakin kowa gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa yake ambato. A watan Yunin 2023 kuma sabuwar gwamnati ta sa katafila ta rushe gine-ginen da wadda ta gabace ta ta ba da izini, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da sauransu. Ba na nan don in raba gardamar masu jar hula da abokan hamayyarsu. Ko wane ɓangare kake, ka yarda da abu ɗaya: da tun farko akwai taswirar da kowa zai buɗa a wayarsa ya ga nan filin jama'a ne, ranar kaza aka sauya shi, ofishi kaza ya sa hannu, da an yi rigimar tun kafin a zuba kankare, ba bayan mutum ya narka dukiyarsa ba.

Shi ya sa ba na cika murna idan aka ce an sa bayanan filaye a kwamfuta. Jihar tana da hukumar KANGIS da aka kafa don wannan, kuma sabunta takardun mallaka abu ne mai kyau. Amma kwamfutar da ma'aikaci kaɗai yake iya buɗewa, ai durowa ce mai cin lantarki. Sannan masu takardar gwamnati su ne 'yan tsiraru. Gwauruwar da ke Rimin Kebe ko Sheka ko Bachirawa, abin da ta mallaka shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, a naɗe a ƙasan adaka. Ita ya kamata a je wa har gida, a auna, a kira maƙwabta, a ba ta shaida a kuɗin da ba zai sa ta sayar da akuya ba. Ba cewa na yi a baje sunan kowa da lambar wayarsa a intanet ba, a wannan zamani na masu garkuwa. Iyakar fili, da matsayinsa, da ko akwai rigima ko jingina a kansa, ya wadatar.

Wani abokina da muke zama a majalisa ɗaya bayan isha'i ya ce da ni, "Malam, kai dai ka faɗi gaskiya. Ranar da aka liƙa wa gidanka lamba, washegari takardar haraji za ta biyo." Ban musa masa ba. Mutanen da suka yi murna da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979 ba su manta abin da rajista take nufi a hannun hukuma ba. Harajin zai zo. Amma na tambaye shi nawa yake ba ɗan garuwa a wata, nawa yake ba 'yan sintiri, nawa yake ba yaran da suke kwashe shara su juye ta a kwatar bayan layi, nawa aka karɓa a gidansa da aka yi karo-karon gyaran taransifoma. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Harajin muna biya tuntuni, rasit ne kawai babu, kuma ba wanda za mu riƙe. Sharaɗina dai shi ne a jera abin yadda ya kamata: takarda tukuna, sai aiki a ƙasa, sannan a zo karɓa.

Wani kuma zai ce ana ta kai wa yake ta kaya, garin da ba wuta ba ruwan famfo, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da dama sun zama rumbunan ajiya. Gaskiya ne, kuma babu manhajar da za ta tayar da injin saƙa. Amma wanda zai shimfiɗa bututun ruwa daga Tamburawa, gida nawa zai yi wa lissafi? Motar kashe gobara da aka kira, ta wane layi za ta shiga, kuma ta san faɗinsa kafin ta taso? Aikin da nake magana ba ya jiran bututun gas na Ajakuta ya iso. Waya ce da farantin sola da ɗaliban Bayero da na Wudil da suke zaune a gida da kwalin digiri, sai masu unguwanni, waɗanda dama can kowane gida a kansu yake. Kuɗinsa ba zai kai na gada ɗaya ba. Matsalarsa guda ce, ba a yanka masa kirtani, ba a kuma rubuta sunan kowa a jikinsa. Gadar Ƙofar Nasarawa da ta Dangi da ta Hotoro duk ina hawa, ina kuma jin daɗinsu, amma da ka sauko ƙasa ka koma cikin garin da ba a rubuta ba.

In an tashi sa sunayen, roƙona kada a kwaikwayo haruffa da lambobin Kigali, kada kuma a mayar da abin rabon tukuici, kowace gwamnati ta zo ta goge sunan da ta tarar ta sa na nata. Cikin badala ba ta taɓa rasa adireshi ba. Soron Ɗinki, Alfindiki, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Yakasai, Mandawari: kowane suna yana gaya maka sana'ar mutanen wurin ko inda kakanninsu suka fito. Garin da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa wa Kasuwar Kurmi tun ƙarni na 15, kowace haja da layinta, ba baƙon tsari ba ne. Sababbin unguwanni ma mutane sun riga sun raɗa wa layukansu suna, Layin Mai Unguwa, Layin Makaranta, Layin 'Yan Katako. A tambaye su, a rubuta abin da suke faɗa, inda suna ya maimaitu a zauna a sasanta, a kafa allo, a aika wa masu taswirar waya.

Ƙanwata ta ce ita yanzu ta huta, lokeshan take turawa. Yakan yi aiki wani lokaci. Amma ɗigon yakan sauka a bayan katangar maƙwabta, a lungun da ba ya ɓullewa, kuma a taswirar unguwar tasu wasu fararen zare ne kawai ba suna ko ɗaya. Banki ba ya karɓar ɗigo a matsayin adireshi, kotu ma haka. Da ta je buɗe asusun kasuwanci, a gurbin adireshi sai ta rubuta sunan unguwa, ta ƙara da "kusa da taransifoma". Ita kuwa taransifomar ta ƙone tun farkon bazara, an zo da mota an ɗauke ta, saura dakalin siminti da wayoyi suna reto. Jiya na ji ta a waya da wani sabon yaro tana cewa, "Ka miƙe har inda taransifoma take a da."